Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Cinikin Kanti Idan Ka Fara Zargin Lauyanka

Mutum ya yi shekara ashirin yana tsaye a kantinsa, ya sayar, ya miƙa mabuɗai. Ya wuce ta gaban wurin ya ga mai saye ya sake fenti har ya zuba sabbin kaya, shi kuwa kuɗinsa shiru. Ya kira lauyan da cinikin ya bi ta hannunsa a waya, a ce masa, “Alhaji, ana kan aiki, ƙara haƙuri.” Wata ɗaya, wata biyu, ga masu bin sa bashi sun fara sallama a ƙofar gida. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san yadda dare yake tsawo.

Ni aikina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi da takardu ne a nan Maradi, kuma na raka mutane da dama cikin irin wannan damuwa, masu sayarwa da masu saye, maza da mata. Abin da na gani shi ne, yawancinmu muna fara faɗa kafin mu san inda kuɗin suke. Alhali kuɗin cinikin sana'a doka ta ware musu wurin zama, ta kuma yanka musu kwanaki, kuma duk inda suka bi suna barin sawu a takarda. Wanda ya bi sawun nan a natse zai gane ɗayan biyu: ko jinkiri ne na halas, ko an ci amanarsa. In kuwa an ci, zai je wurin hukuma da hujja a hannu.

Abin da za ka tanada

- Takardar cinikin kanta, ta asali ko kwafinta, da duk wata takardar alkawari da aka rubuta kafin ita.
- Duk resin da ka taɓa karɓa: na hannun lauya, na banki, na kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza in ta nan aka aika wani abu.
- Takardar rijistar kasuwancinka ta RCCM, lambar harajinka ta NIF, da takardar hayar shago in haya kake.
- Kwafin takardar wakilci, in ka taɓa sa hannu ka wakilta lauyan ya karɓi kuɗi ko ya sa hannu a madadinka.
- Wayarka da duk saƙonnin da kuka yi, rubutattu da na murya. Kada ka goge ko ɗaya, ko da wanda ka yi fushi a ciki ne.
- Sabon littafi da biro, na wannan magana kaɗai.
- Mutum ɗaya amintacce mai karanta Faransanci sosai, wanda ba shi da alaƙa da lauyan ko mai saye.
- Kuɗin fotokofi, kuɗin aikin wisiye (jami'in da ke kai wa mutane takardun shari'a a hukumance), da kuɗin mota zuwa Yamai in abin ya kai can.

1. Fara sanin ko wane ne “Metir” ɗin naka

A ƙasarmu aboka Metir ne, noter (jami'in da ke rubuta takardun yarjejeniya ya tabbatar da su a hukumance) Metir ne, wisiye ma Metir ne. Akwai kuma masu shiga tsakani a harkar takardu waɗanda mutane suke kira da wannan suna don girmamawa, alhali ba su cikin ko ɗaya daga ukun. Wannan bambanci shi ne zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, domin kowane rukuni da masu tsawata masa. Aboka, wato lauya, yana ƙarƙashin ƙungiyar lauyoyin Nijar mai mazauni a Yamai, shugabanta kuwa shi ne Batoniye. Noter-noter suna da majalisarsu ta ƙasa, wisiyoyi ma da tasu.

Dubi hatimin da ke kan takardunka da rubutun saman wasiƙunsa, mai karatunka ya faɗa maka abin da aka rubuta daidai. Sannan ka tambaya a ofishin ƙungiyar lauyoyi ko sunansa yana cikin jerin sunayensu na bana. In aka ce babu shi, to maganarka ta sauya fuska, ba ta horon lauya ba ce kuma, ta zama ta mutumin da ya ari rigar da ba tasa ba, sai ka wuce kai tsaye zuwa mataki na 9.

2. Gane abin da aka sayar

Ba kowane ciniki ne dokar da zan kawo ta shafa ba. In buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu kawai ka sayar ka kwashe sunanka ka tafi, wannan cinikin kaya ne. In kamfani ne mai rijista kamar SARL, wanda aka raba jarinsa kaso-kaso, ka sayar da kasonka a ciki, wannan yana da tasa doka daban. In gini ne ko fili, shi ma daban. Abin da nake magana a kai shi ne sayar da sana'a ɗungurungum: masu ciniki da suka saba da wurin, tare da sunan kantin ko allonsa, galibi har da haƙƙin haya da kantoci da injuna da kayan da ke ciki. Kantin kayan gini a Sabon Gari, gidan burodi a unguwar Zariya, wurin sayar da kayan babur kusa da babbar kasuwa, duk irin wannan ne.

Shi wannan ciniki yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya wadda Nijar take cikinta, a kundin da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, daga aya ta 147 zuwa ta 168. Rubuta waɗannan lambobi a littafinka, za ka buƙace su.

3. Rubuta labarin tun daga farko, da ranaku

Ka zauna da dare ɗaya ka rubuta komai bi da bi: ranar da ka fara zuwa ofishinsa, wanda ya kai ka, nawa ya ce ladansa, ranar da aka sa hannu, su wa suke wurin, nawa aka bayar, ta wace hanya, a hannun wa. In ba ka tuna rana ba, ka danganta ta da abin da ka tuna, kamar sati biyu kafin azumi ko Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Salla, daga baya a nemo kwanan watan. Kowace magana ka rubuta a gefenta takardar da ke tabbatar da ita. Inda babu takarda, rubuta sunan shaida.

Ka yi wa kowace takarda kwafi uku. Na asali su zauna a gida cikin akwati, kada su fita sai in alƙali ne ya nema. Saƙonnin WhatsApp ka ɗauki hotonsu yadda lamba da rana za su fito, ka tura wa wata wayar daban. Na ga wanda wayarsa ta faɗa ruwa da damina, hujjarsa duka ta tafi da ita.

In babu resi ko ɗaya, kamar yadda ake yawan yi a garin nan saboda kunya da yarda, kada ka karaya. Tura masa saƙo mai sanyi a rubuce: “Metir, barka da aiki. Don in daidaita lissafina, miliyan goma da mai saye ya ba ka ranar kaza, suna wurinka ko an kai banki?” Amsar da zai ba ka, ko da “suna nan, kada ka damu” ce kawai, ta zama shaidar cewa ya karɓa.

4. Ƙirga kwanakin doka kafin ka zargi kowa

A nan nake so ka tsaya da kyau, domin a nan ne mutane suke ɗaukar alhakin wanda bai yi laifi ba, a nan ne kuma mai laifi yake fakewa.

Ga yadda doka ta tsara. Bayan an sa hannu, mai saye yana da kwana 15 ya sa a buga sanarwar cinikin a jaridar da aka yarda ta buga sanarwar shari'a, irin su Le Sahel. Kuɗin kuwa ba a hannun mai sayarwa ake zuba su ba. Aya ta 157 ta ce a biya su a hannun noter, ko a bankin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, su riƙe a matsayin ajiyar amana har kwana 30, ana ƙirgawa daga ranar da sanarwar ta fito a jarida. Hikimar ita ce a ba masu bin mai sayarwa bashi dama su fito su ce a dakata. In kwana 30 suka cika ba wanda ya fito, dole mai ajiya ya saki kuɗin. In wani ya fito, kuɗin suna tsaye sai an warware da shi.

To ka ga ke nan wata ɗaya da rabi bayan sa hannu ba jinkiri ba ne, tafiyar doka ce. Na taɓa raka wani dattijo da ya riga ya yanke cewa an cinye masa kuɗi, har ya daina gaisawa da lauyan a masallaci. Da muka bincika, wani mai kawo masa kaya ne ya kai takardar a dakata saboda ragowar bashin da shi kansa dattijon ya manta da shi. Kuɗin suna banki ko dala ba ta taɓu ba. Laifin lauyan ɗaya ne, bai zauna ya yi masa bayani da Hausa ba.

Shi ma mai cewa a dakata ba a bar shi sakaka ba. Sai ya sanar da mai ajiya da mai saye da magatakardan kotu a rubuce, ya faɗi nawa yake bi da dalilin bashin, sannan cikin wata ɗaya ya kai maganar gaban kotu. In bai kai ba, kana iya neman kotu ta ɗage dakatarwar. Kana kuma iya biyansa ku rabu lafiya ya janye, ko ka ba da jingina daidai da bashin a sakar maka kuɗinka. Saboda haka in Metir ya ce maka “akwai masu bashi da suka hana,” amsarka ita ce, “Nuna mini takardarsu.” Dakatarwar da ba ta da takarda babu ita.

Ka lura da wani abu: a cikin masu ajiyar da ayar ta ambata, noter ne da banki. In kuɗin ciniki suka bi ta hannun lauya saboda wani dalili, ƙa'idar lauyoyi ta ƙasashen UEMOA (ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) ta shekarar 2014 ta tanadi asusu na musamman da ake kira CARPA, inda ake zuba kuɗin mutane don kada su gauraya da na lauyan. Kuɗin kantinka ba su da abin yi a aljihunsa, ko a asusunsa na kansa, ko a durowar ofishinsa.

5. Bi sawu wuri-wuri, da ƙafarka

Kada ka aiki yaro. Kuma kada ka faɗa wa kowa cewa zargi kake yi, ka ce kana kammala lissafi ne.

Fara da takardar cinikin. Aya ta 150 ta lissafa abin da dole ya fito a ciki: sunayenku da lambobin rijista, basussukan da aka yi wa sana'ar jingina da su, cinikin da aka yi a shekaru uku na baya da ribarsu ko asararsu, bayanin haya da sunan mai gida, farashin da aka yarda, da kuma sunan noter ko bankin da zai riƙe kuɗi in ba a gaban noter aka rubuta takardar ba. Mai karatunka ya nemo maka wannan suna na ƙarshe. In babu shi sam, babbar alama ce, domin lauyan da ya san aikinsa ba ya mantawa da shi.

Daga nan sai wurin mai saye. Je ka da fara'a, shi ba abokin gabarka ba ne, wataƙila ma tare aka cuce ku. Tambaye shi nawa ya biya, yaushe, a hannun wa, ka roƙi kwafin resinsa. Sau da yawa a nan gaskiya take fitowa: ya biya duka tun ranar sa hannu, kai kuwa ana ce maka ya ba da rabi.

Sai jarida. Nemi lambar fitowa da ranar da aka buga sanarwar, ka ga shafin da idonka. In ba a buga ba, kwana 30 ɗin ba su ma fara ƙirguwa ba, kuma in an karɓi kuɗin bugawa a hannun ɗayanku, sai a faɗi inda suka shiga.

Sai ofishin magatakarda a babbar kotun Maradi, inda ake riƙe da rijistar kasuwanci. Tambaya ko an ajiye kwafin takardar cinikin, ko an gyara rijistarka da ta mai saye, ko wani ya kawo takardar dakatarwa. Wannan yana da muhimmanci ko ba don kuɗin ba, domin muddin sunanka yana kan sana'ar, lanho, wato haraji, da sauran nauyi suna iya ci gaba da bin ka a kan kantin da ba naka ba.

Sai ofishin haraji. Takardar ciniki ana yi mata rijista a biya kuɗi, kuma suna buga mata hatimi su ba da resi. Gwada abin da aka karɓa da sunan haraji da abin da ke kan resin.

Na ƙarshe, bankin ko noter ɗin da aka ambata. Tafi da takardar shaidarka da kwafin cinikin, ka nemi su tabbatar maka a rubuce ko kuɗin sun shigo, nawa ne, yaushe, kuma ko an fitar da wani abu. In banki ya ce ba zai ba ka bayani kai kaɗai ba, ku je tare da mai saye, ko ka sa wisiye ya kai musu tambayar a hukumance.

6. Auna abin da ka samu

Jinkiri, rashin ɗaukar waya, rashin iya magana da mutane, waɗannan sakaci ne, kuma ana iya kai kukansu. Amma akwai abubuwan da suka wuce sakaci: ya karɓi kuɗi ya ce bai karɓa ba, ya cire wani kaso ba da izninka a rubuce ba, farashin da ke hannunka ya bambanta da wanda aka nuna wa mai saye, an sauya shafi bayan ka sa hannu, ko ka gano cewa shi ne lauyan mai saye tun da daɗewa, ko yana da kaso a cinikin ta bayan fage, bai faɗa maka ba. Ƙa'idar sana'arsu ta hana lauya ya tsaya wa ɓangarori biyu in amfaninsu ya ci karo.

Akwai wani tarko da nake so in daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kama mutanenmu. Za a ce maka, “Alhaji, mu rubuta miliyan takwas a takarda, sauran bakwai a ba ka a hannu, don a rage kuɗin rijista.” Ka ga kamar taimako ne. Aya ta 158 ta ce duk wata yarjejeniyar ɓoye da aka yi don a rufe wani ɓangare na farashi, banza ce a gaban doka. Ma'ana in bakwai ɗin nan suka maƙale, takardar gefe da kuka rubuta ba za ta karɓo maka su ba. Bayan haka kuma kai kanka ka shiga laifin ɓoye wa hukumar haraji, wanda ya ba ka shawarar ya san haka, kuma da wannan igiya zai riƙe ka ka kasa buɗe baki. In ka riga ka faɗa ciki, kada ka ɓoye wa lauya na biyu da za ka ɗauka. Faɗa masa tun zaman farko, ya san ta inda zai ɓullo.

In kai ne mai saye, ka sani cewa in an bar wani bayani na dole ko an rubuta ƙarya a takardar, kamar a kumbura cinikin shekarun baya, kuma abin ya cutar da kai ƙwarai, kana iya neman a rushe cinikin. Amma wa'adinka shekara ɗaya ce daga ranar takardar. Kada “ƙara haƙuri” ta cinye maka ita.

7. Rubuta masa, ka ba shi wa'adi

Kafin ka kai shi ko'ina, ba shi dama ya yi bayani a rubuce. Wasiƙar ta zama gajera, da Faransanci, babu zagi babu kalmar sata. Ta ƙunshi abu huɗu: ya faɗi inda kuɗin suke da shaidar banki, ya kawo lissafin duk abin da ya karɓa da abin da ya kashe da resinsu, ya kawo takardar ladansa dalla-dalla, ya yi haka cikin kwana takwas ko goma.

Kai wasiƙar kwafi biyu, sakatarensa ya sa hannu da rana da hatimi a kan naka. In suka ƙi karɓa, kada ka yi gardama a ofishin mutane, fita ka je wurin wisiye ya kai. Takardar da wisiye ya kai, ba mai cewa bai gani ba.

A nan ne za a fara aiko maka da mutane: wani aboki, wani malami, wani babban ɗan kasuwa, a ce ka rufa asiri. Karɓe su da mutunci, ka ce, “Ban ƙi ba, ranka ya daɗe, ni dai takardar banki nake son gani.” Kada ka janye wasiƙar saboda alkawarin baki.

8. Toshe ƙofofin da suka rage, ka ɗauki wani lauya

In wa'adi ya cika ba amsa, ko amsar ba ta da takarda, soke wakilcin da ka ba shi a rubuce, wisiye ya sanar da shi da mai saye da banki ko noter a rana ɗaya. In mai saye yana da ragowar biya, ya san cewa daga yau ba ta wannan hannu za ta bi ba. Kada ka ƙara sa hannu a kan komai daga ofishinsa, musamman takardar da ke cewa ka karɓi haƙƙinka duka, ko farar takarda da za a ce za a cike daga baya.

Nemi dosiyenka. In ya ce sai ka biya ladansa, kada ku tsaya ja-in-ja, rigimar lada Batoniye ne yake yanke ta.

Lauyoyi sun fi yawa a Yamai, kuma a irin wannan magana ni na fi son a ɗauko wanda ba ya zama majalisa ɗaya da na farko. Kada ka yi mamaki in sabon ya ce sai ya sanar da Batoniye kafin ya taɓa abokin aikinsa, ko ya tuntuɓi na farkon a kan ladansa, al'adar sana'arsu ce. Wannan karon ku rubuta yarjejeniyar lada tun ranar farko. In ba ka da halin ɗaukar lauya, tambayi ofishin hukumar ANAJJ a kotu, wadda aka kafa don ba talakawa shawarar shari'a da taimako.

9. Kai kuka inda ya dace

Ƙofa ta farko ita ce ta Batoniye. Rubuta masa ƙara: sunanka da adireshinka da lambar waya, sunan lauyan, labarin a taƙaice da ranaku kamar yadda ka tsara a littafinka, abin da kake nema, da kwafin takardu kowace da lamba. Shafi biyu sun isa. Faɗi abin da ya faru kawai, ka bar hukunci ga masu hukunci. Maimakon ka rubuta “ɓarawo ne,” rubuta “ya karɓi kaza ranar kaza, ga resi, banki ya ce bai shigo ba, ga takardar banki.” Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, to in ba za ka iya tafiyar ba, sabon lauyanka ko wani ɗan'uwa amintacce ya kai, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi. Bayan sati biyu ko uku ka bi sawu, a rubuce.

Batoniye yana bincike, yana iya kiran ku sulhu, yana iya miƙa lauyan ga majalisar horo. Horon yana farawa daga gargaɗi, zuwa tsawatarwa, zuwa dakatarwa na wani lokaci, har zuwa cire suna daga sana'ar baki ɗaya. Amma ka gane, horo daban, dawo da kuɗi daban. Sau da yawa tsoron horon yana sa a biya, amma in ba a biya ba, kotu ce za ta tilasta, ta hanyar ƙarar neman haƙƙinka da diyyar asarar da aka ja maka.

In hujjarka ta nuna an karkatar da kuɗin da aka ba shi amana, wannan laifin cin amana ne a dokar hukunta laifuka, kuma ana kai shi wurin mai shigar da ƙara na gwamnati, wato furokira. Sai dai kada ka ɗauka za ka je komisariya da safe a kamo shi da rana. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ce ba a yi wa lauya tambayoyi ko a kama shi ko a tsare shi sai da umurnin babban furokira na kotun ɗaukaka ƙara ko shugaban sashen tuhuma, bayan an tuntuɓi Batoniye. In ɗan sanda ya ce maka ba zai iya kiransa ba, ba lallai haɗin baki ba ne. Shi kuwa wanda ka gano tun a mataki na 1 cewa ba lauya ba ne, wannan kariya ba ta shafe shi ba. In noter ne ko wisiye, kai kuka wurin majalisarsu, ka aika wa furokira kwafi.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka ɗora sunansa ko hotonsa a Facebook, kada ka yi saƙon murya ka watsa a zaurukan WhatsApp na ƴan kasuwa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024, tana hukunta ɓata suna har da ɗauri. Mutumin da ya san doka fiye da kai kake fuskanta, kuma da saƙo ɗaya na minti biyu sai mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Haka nan kada ka tara yara ku je ofishinsa, kada ka koma ka sa wa kantin kwaɗo, domin kantin ya zama na mai saye.

10. In aka zo sulhu

Mafi yawan waɗanda na raka a nan maganarsu ta ƙare, kuma ban ga aibin haka ba, shari'a tana cin lokaci da kuɗin mota. Amma sulhun ya zama a rubuce, a gaban Batoniye ko noter, sabon lauyanka yana zaune. A rubuta jimillar da ya amsa cewa tana kansa, da ranakun biya ɗaya bayan ɗaya, da abin da zai biyo baya in ya saɓa ko sau ɗaya. Biyan ya bi ta banki zuwa asusunka. In cek ya ba ka, kada ka sa hannu cewa an biya sai banki ya tabbatar kuɗin sun zauna. Janye ƙara kuwa sai bayan biya na ƙarshe, ba ranar da aka sha hannu aka yi fatiha ba.

Ranar da kuɗin suka cika, koma wurin magatakardan kotu da ofishin haraji ka tabbatar an cire sunanka daga sana'ar, ka je Nigelec a sauya sunan da ke kan kwantar wuta, in kana da ma'aikata a rijistar CNSS, asusun tsaron lafiya da fanshon ma'aikata, ka daidaita nasu, sannan ka karɓi takarda daga mai gidan haya cewa ba ya bin ka komai.